Fensirin Loretta

A wurin cin soyayyen kifi na ranar Juma'a na fara jin maganar. Ina kan layi da faranti a hannu, sai matar da ke gabana ta raɗa wa ta kusa da ita wai an gano abin da ya tarwatsa injin wutar lantarkin nan na Ohio: Loretta Pettway ce ta yi wa fiffiken ƙarfe na cikin injin alama da fensir. Kafin in kai wurin mai zuba dankali na ji zancen a baki uku, kowane baki da abin da ya ƙara. Wani ya ce a aljihunta aka kama fensirin. Wani ya ce ai ta daɗe tana yi, idonta ne ya mutu take ɓoyewa. Wata kuma, wadda iyakar saninta da gidan zubin ƙarfe na garinmu, inda ake yin fukafukan, shi ne ta sauke mijinta a bakin ƙofa, ta ce da ma irinsu ba sa bin doka. Loretta baƙar fata ce. Na juya na tambaye ta irin su wa. Ta ce ita fa ba haka take nufi ba. Na ce to yaya take nufi, ina sauraro. Nan take ta hango wata ƙawarta a ƙarshen ɗaki.

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin gwajin ƙarfe na gidan zubin nan, sha huɗu daga ciki ni ce shugaba, kuma shekara takwas ke nan da na ajiye aiki. A garinmu yaro kafin ya iya ɗaure igiyar takalmi ya san ba a taɓa fiffike da fensir. Wai baƙin fensirin yana shiga jikin ƙarfe idan ya ji wuta, ya ƙeƙasar da wurin, ya tsage. Ban ce ƙarya ce tsagwaronta ba, don a kan fallen ƙarfe marar kauri tana iya faruwa. Amma duk tsawon aikina ban ga mutum ɗaya da ya gwada a kan ƙarfenmu mai haɗin nikel ba. Kowa daga bakin wani ya ji, wanin ma daga bakin wani. Kifin ranar ban ji ɗanɗanonsa ba.

Washegari na tuƙa zuwa gidan Loretta. Na tarar da ita tana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida da ƙarfin da aikin bai buƙata ba. Shekara ashirin da shida tana duba fukafukai a ƙarƙashin fitila kafin su bar gidan zubi, kuma lokacin da nake aiki, in na ga hatiminta mai lamba arba'in da ɗaya a takarda ba na sake dubawa. Ta ce sun karɓe hatimin, sun dakatar da ita, ranar Alhamis ta sama za a zauna a yanke hukunci. In aka soke hatimin an gama da ita, don babu gidan zubi a ƙasar nan da zai ɗauki mai duba kayan da aka soke wa hatimi. Tana da shekara hamsin da shida, kuma ba ta san wata sana'a ba.

Na tambaye ta fensirin. Ta jingine shebur ta dube ni.

"Dakta, har da ke?"

"Har da ni. Akwai shi ko babu?"

"Akwai. Guntu ne, da shi nake cike wasan kalmomin jarida lokacin hutun kofi. Shekara ashirin yana aljihuna, kowa ya sani. Amma in na taɓa ɗora shi a kan ƙarfe, hannun nan ya shanye."

Na ce ta bar hannunta ya huta, ba rantsuwa na zo karɓa ba. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai, matan da suke waƙa tare a coci sun daina kallon idonta, domin kamfanin wutar ya dakatar da sayen kaya, an rage wa kowa kwanakin aiki, kuma duk gidan da abin ya taɓa sunanta ake kira. Ta shiga ciki ta ɗauko mini kwafin rahoton bincike, wanda Ignacio Barrera, wakilin ƙungiyar ƙwadago, ya karɓo mata. Ta ce ta karanta sau uku ba ta ga inda aka nuna alamar fensir ba, sai dai ko ita ce ba ta iya karatun injiniyoyi ba.

Ta iya. Shafi goma sha tara ne, Trent Albrecht ya sa hannu, shugaban sashen ingancin kaya, wanda aka kawo bayan tafiyata. Na zauna a teburin kicin na karanta har ƙarshe. Fiffike ɗaya ya karye daga kusa da gindi bayan awa dubu tara, alhali an yi alkawarin dubu ashirin da huɗu, ya bi ta cikin injin ya tafi da sauran. Allah ya kiyaye babu wanda ke kusa. Da kamfanin wutar ya buɗe sauran injinansa, ya sami wasu fukafukai uku da tsaga a daidai wannan wuri. Duka huɗun hatimin Loretta ne a takardarsu, abin da ba abin mamaki ba ne tunda rabin kayan layin ta hannunta suke bi. Dalili kuma: ana kyautata zaton gurɓatar fatar ƙarfe daga abin yin alama. Ana kyautata zato! Injin da ya fi cocinmu girma ya tarwatse, mace za ta rasa sana'arta, shi kuwa yana kyautata zato.

Fiffiken nan tsawonsa daga gwiwar hannu ne zuwa yatsa. Yana zaune a cikin iskar da za ta narkar da shi in ba don iska mai sanyi da ke bi ta cikinsa ba, yana juyawa sau dubu uku da ɗari shida a minti ɗaya, juyawar tana jan sa kamar an rataya masa babbar mota. Ƙarfe na yau da kullum ƙwayoyi ne manne da juna, kamar shinkafar da ta kwana a tukunya, kuma a cikin wuta mahaɗar ƙwayoyin ce ke fara saki. Shi ya sa muke zuba namu ƙwaya ɗaya tal daga gindi har kai, babu mahaɗa ko ɗaya. Wannan shi ne abincin garin nan duka.

A shafi na sha ɗaya akwai hoton inda tsagar ta fara. Na ɗauko gilashin ƙara girma na duba, na sake dubawa. A bakin karayar akwai wani ɗan tabo da bai kai ƙwayar wake ba, yana ɗaukar haske daban da sauran jikin. Na san shi kamar yadda na san fuskar maƙwabcina. Sabuwar ƙwaya ce a cikin ƙarfen da bai kamata ya sami ta biyu ba. Irin wannan ƙarfe yana da riƙo. In aka ƙuje shi yana sanyi ba ya nuna komai, sai ya shiga tanderun gashi, inda ake kai shi digiri dubu biyu da ɗari huɗu a ma'aunin Fahrenheit, sannan wurin da ya ji ciwon ya haifi sabuwar ƙwaya da mahaɗarta. Daga nan sai jiran lokaci. Injinan yanzu kullum a kunna su da yamma a kashe da safe, ƙarfen ya buɗe ya tsuke, ya buɗe ya tsuke, har ya gaji, kuma daga mahaɗar nan gajiyar ke shiga.

Loretta kuwa bayan tanderu take ganin fiffike. Bayan ita ma sai an wanke shi, an feshe shi da yashi, an yi masa rufi. Ko wasiƙa ta rubuta a jikinsa ba za ta kai Ohio ba.

Na kira Albrecht a waya ranar Litinin na gaya masa haka. Ya ce yana matuƙar girmama gudummawar da na bayar a zamanina. Ya ce abubuwa sun ci gaba. Na tambaye shi ko ya yanka guntun ya sa a asid ya duba, ya ce guntun yana hannun kamfanin wutar, kuma hoto ba hujja ba ne. Na ce amma fensir a aljihu hujja ne. Ya ce yana da taro.

Na gane cewa magana ba za ta yi ba, sai abin da za a ajiye a kan tebur. Ina koyar da aji ɗaya a kwalejin fasaha ranar Talata, kuma a can ina da akwatin guntayen zubi da ba su taɓa shiga tanderu ba, waɗanda nake nuna wa ɗalibai. Na zaɓi uku daga zubi ɗaya. Na farko ban taɓa shi ba. Na biyu na goge shi da fensir har ya yi baƙi ƙirin, na ƙarar da rabin fensirin a kansa, har malamin walda ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Na uku na ƙwanƙwasa shi sau ɗaya da ƙaramar guduma, bugun da ba zai fasa gyaɗa ba. Na zuba su a tanderun kwalejin na ba su wutar gashi, sannan na sauke zuwa zafin da suke gani a cikin inji na bar su kwana uku. Ranar Juma'a na wanke su da asid na kai su bakin taga.

Na farko fes. Mai fensir, da na kankare ɓawon da wuta ta yi masa, shi ma fes, ƙwaya ɗaya daga gefe zuwa gefe. Na uku yana da tabo kamar ƙwayar wake, yana ɗaukar haske daban.

Da a nan abin ya tsaya da na yi barci mai daɗi. Amma Albrecht zai ce to, wa ya bugi fiffiken, kuma in babu amsa za a koma kan fensir, don mutane sun fi son amsar banza a kan babu. Fiffike ɗaya yana iya faɗuwa daga hannun wani. Huɗu, a wuri ɗaya, ba faɗuwa ba ce. Na kira Ignacio na ce ya samo mini lambobin fukafukan huɗu, don a rahoton an shafe su. Ya ce, "Dakta, so kike a kore ni ni ma mu buɗe shagon kofi mu uku?" Na ce kofin da yake dafawa ba mai saye, gara ya riƙe aikinsa ya samo lambobin. Da yamma ya karanto mini su. Zubi huɗu daban, watanni daban, amma kowace lamba da sifili da ɗaya ta ƙare. Zubi ɗaya fukafukai da yawa yake fitarwa a haɗe, waɗannan kuwa kowanne shi ne na farko da aka yanko daga zubinsa.

Na ajiye wayar na zauna. Ba sai na tambayi kowa ba.

Mahaifinmu mazubin baƙin ƙarfe ne, gangar injin mota yake zubawa tun kafin a kawo nikel garin nan. Duk zubin da aka fasa wa ɓawon da aka zuba shi a ciki, yakan rataye na farko a waya, ya buga masa 'yar gudumarsa ta tagulla, ya kasa kunne. In ya yi ƙara mai tsawo, zubi ya yi. In ya yi dum, akwai tsaga a ciki. A baƙin ƙarfe wannan gaskiya ce, kuma ba ta cutar da komai. Da ya rasu gudumar ta koma hannun ƙanena Harlan, wanda yau shekara ashirin da biyu shi ne shugaban ɗakin fasa ɓawo, ɗakin da fiffike ke bi kafin tanderu. Lokacin da aka kawo zubin ƙwaya ɗaya na gaya masa ya daina. Sau ɗaya na faɗa, a wurin cin abincin Kirsimeti, ya ce to Yaya, ni kuma na ɗauka an gama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. A zamanina kowane fiffike sai an sake wanke shi da asid bayan tanderu, kuma kusan kowane zubi mukan sami ɗaya mai tabo mu jefar. Asarar da aka saba, haka muke kiranta. Shekara da shekaru ina sa hannu a kan wannan takarda, ni mai digirin digirgir, ni mai tuhumar kowa, ban taɓa duba ko wace lamba ce ke faɗuwa ba. Bayan tafiyata aka ce wankin na biyu yana cin lokaci, aka mayar da shi ɗaya cikin goma. Ragar da ke kama su ke nan aka cire, ba tare da kowa ya san abin da take kamawa ba.

Ranar Lahadi bayan coci na je gidan Harlan. Matarsa ta dafa miyar wake da naman alade, na ce ba ci ya kawo ni ba, na ja shi gareji. Yana da shekara sittin da uku, saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya, kuma har yanzu in na kira sunansa da wata murya sai ya sa hannu a aljihu kamar yaron da ya fasa taga. Na jera guntayen uku a kan teburin aikinsa na gaya masa abin da na yi wa kowanne. Ya ɗauki na ukun ya juya shi a haske ya daɗe.

"Har yanzu kana bugawa?"

"Taɓawa ce, Yaya, ba bugu ba."

"A ina?"

Ya nuna da babban yatsa, sama da gindi kaɗan, inda ƙarar ta fi fita. Daidai wurin.

Ya ce shekara arba'in yana yi ba a taɓa samun matsala ba. Ya ce yaran ɗakinsa ba sa fara yankan sauran sai sun ji ƙarar, har sababbin ɗauka ake tarawa su saurara, kuma duk gidan zubin an san layinsa ya fi kowane layi kyau. Na ce layinsa ya yi kyau ne don ina bayansa ina kwashe ɓarnarsa ban sani ba. Ya ce ni dai tun muna yara ba abin da Baba ya yi da ya taɓa burge ni, na je jami'a na dawo ina gyara wa kowa magana. Na ce Baba gangar mota yake zubawa, kuma da yana raye da shi zai fara ƙwace gudumar, don shi yana kasa kunne ne ya ji gaskiya, ba don a taru a kalle shi ba. Wannan ta shige shi, na ga wuyansa ya yi ja.

Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Shi ne ya ambaci fensirin. Albrecht ya tara shugabannin ɗakuna ya tambaya ko akwai wanda ya ga wani abu da ya saɓa doka, Harlan ya ce Loretta tana yawo da fensir. Bai yi don mugunta ba, ya ce, har ga Allah ya ɗauka shi ne. Kuma ranar Alhamis an kira shi ya maimaita.

"To ka je ka faɗi wannan a maimakonsa," na ce.

"Kin san abin da za su yi mini?"

"Na sani. Abin da suke shirin yi mata."

"Ita ai ƙungiya za ta tsaya mata. Ni shugaban ɗaki ne, ba ni da kowa. Saura wata goma sha huɗu, Yaya. Na daina daga gobe, na rantse, in jefa gudumar a tafki in kina so. Ki ce musu ba fensir ba ne, ki tsaya a nan. Wa zai sani?"

Na ce akwai fukafukai masu lamba ɗaya suna juyawa yanzu haka a injina da ban san adadinsu ba, kuma akwai mutanen da ke tsayawa kusa da su da kofi a hannu. In ba a faɗi lambar ba, ba wanda zai je ya ciro su, in kuwa aka faɗi lambar, an faɗi ɗakinsa. Na ce ina ba shi daga yau zuwa Alhamis ya faɗa da bakinsa, don wanda ya kawo kansa ba a yi masa irin hukuncin wanda aka kamo. Ya ce ashe zan iya tsayawa gaban baƙi in kashe ɗan'uwana saboda wata. Na ce sunanta Loretta, kuma ta zo jana'izar Mama da tiren kaza, ya ci. Na kwashe guntayena na fita. Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin da cokali a hannu, ba ta ce mini sai an jima ba.

Kwana uku wayata ba ta yi ƙara ba. Sau biyu na ɗauka zan kira shi na ajiye.

An yi zaman a ɗakin taro na bene, mai tagar da ke kallon wurin ajiye motoci. Albrecht yana gefe ɗaya da wata mata daga ofishin ma'aikata, Misis Lindqvist, wadda ke rubuta abin da aka faɗa. Loretta da Ignacio suna ɗaya gefen, ni kuma a matsayin mai ba ƙungiya shawara. Hatimin yana tsakiyar tebur a cikin 'yar leda, kamar wuƙar da aka yi kisa da ita. Loretta ta sa rigar da take zuwa coci da ita, ba ta kalli ledar ba ko sau ɗaya.

Albrecht ya karanta rahotonsa, sannan aka shigo da Harlan. Bai dube ni ba. Aka tambaye shi ko ya taɓa ganin fensir a wurin Misis Pettway, ya ce ya gani. Ignacio ya tambaye shi ko ya taɓa ganin ta ɗora shi a kan fiffike, ya ce bai gani ba. Misis Lindqvist ta tambaya ko yana da abin da zai ƙara. Na ƙirga numfashinsa, huɗu. Ya dubi hannuwansa ya ce babu.

Ya tashi zai fita, na ce ya zauna. Albrecht ya ce ba ni ke ba da umarni a ɗakin nan ba. Na ce gaskiya ne, amma ni na yi masa goyo, zai zauna. Ya zauna.

Na jera guntayen uku a gaban Albrecht, na ba shi gilashina, na ce ya nuna mini wanda aka yi wa fensir. Ya duba ya nuna mai tabo. Na juya guntun na nuna masa abin da na rubuta a ƙasansa tun kafin ya shiga wuta, na kuma juya mai fensirin. Na buɗe shafi na sha ɗaya na rahotonsa na ajiye kusa da tabon. Ya ce gwajin da aka yi a tanderun makaranta ba gwaji ba ne. Na ce yana da tanderu shida a ƙasa da mu, da asid, da mutanen da na koya wa aiki, ya maimaita, kwana huɗu ya ishe shi. Na tambaye shi ko ya lura da yadda lambobin fukafukan huɗu suka ƙare. Bai lura ba. Ya buɗe kwamfutarsa ya duba.

Misis Lindqvist ta ajiye alƙalami. Ta ce ita ba injiniya ba ce, amma kamfanin wutar yana jiran dalili a rubuce kafin ƙarshen wata, kuma ba za ta iya cire wanda ke takarda ta bar wurin fanko ba. In akwai wani dalilin da za a iya gwadawa, da sunan wuri da na mutum, za ta rubuta, a ɗage dakatarwar, Misis Pettway ta ɗauki hatiminta yau. In babu, rahoton yana nan yadda yake.

Loretta ta juyo ta dube ni. Ba ta san abin da na sani ba, don ban gaya mata ba. Na sake duban Harlan, na ba shi lokacin da mutum zai iya buɗe baki. Yana kallon motoci ta taga.

Na ce wa Misis Lindqvist ta ɗauki alƙalaminta.

"Fensir bai karya fiffiken nan ba, kuma Loretta Pettway ba ta taɓa shi da komai ba. A ɗakin fasa ɓawo ana buga fiffiken farko na kowane zubi da gudumar tagulla kafin ya shiga tanderu, don a ji ƙararsa. Bugun ne ke haifar da sabuwar ƙwaya, daga nan tsagar ta fara. Wankin asid na biyu yana kama su, shekara sha huɗu ina jefar da su ban tambayi dalili ba, sannan aka rage wankin suka fara fita. Duk fiffike mai lamba ɗaya da ya bar gidan nan tun daga lokacin yana iya ɗauke da tabon. Mai bugawar Harlan Zylstra ne, ƙanena."